Sifirin da Na Rubuta a Katin Ramatu

Duk shekara idan aka turo mana sababbin ɗalibai daga makarantar ungozoma, ina lura da irin kallon da suke yi wa farantin aikina. Tsinken auduga, safar hannu, ƙaramar fitila, madubin hannu, sai wata tsohuwar langa da ƙwallon dabino goma a ciki. Bara wata mai baki a cikinsu ta leƙa ta ce, "Inna Kulu, wanga shi na aikin duka? Ai ko ƙanwata tana iya shi." Sauran suka kwashe da dariya. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ce a raina ranar da aka fara nuna mini. To ku zauna, ku da kuke ganin taɓawa ce kawai da rubuta lamba, in gaya muku abin da tsinken nan ya yi da ni.

Ni mutuniyar Bungudu ce. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin ungozoma, farko a Tsafe, daga baya a Gusau. A ƙarshen aikina aka haɗa ni da wata likita mai bincike kan wani ciwo da ba mu da suna gare shi. Zafi ne a bakin al'aurar mace, wata ta ce kamar an zuba barkono, wata ta ce kamar tsagar reza. Yana yin watanni, yana yin shekaru. A duba ba ƙurji, ba rauni, a kai ɗakin awo ba ƙwayar cuta. Mace tana ji, mai dubawa ba ya gani.

Amma sai na fara muku daga inda na koyi aiki, in ba haka ba ba za ku gane kuskuren ba.

Haihuwar farko da na tsaya a kanta a Tsafe, a ƙarƙashin Sista Asabe ne, Allah ya ji ƙanta. Mace ce mai hannu, ba ta taɓa rikicewa, jariri ko ya zo da ƙafa sai ta san yadda ta yi da shi. Mai naƙudar ta fara ihu, sai Sista ta kai mata mari a cinya ta ce, "Ruhe bakinki! Danginki suna waje suna jin ki." Matar ta yi tsit. Da aka gama Sista ta ce da ni, "Kulu, in kin bar guda ta yi kuka, ɗakin duka ya ɗauka. Kuka yana cinye ƙarhin nishi." Ban ga wani abin mamaki ba. A gidanmu ma haka ake, mace ta yi raki wurin haihuwa sai a yi shekara ana yi mata gori. Na ɗauki darasin, har na fi malamata. Ɗakina ya yi suna a garin, ana cewa in Kulu ce ke aiki ba ka jin ko tari. Ina jin daɗin yabon nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

A shekarata ta ƙarshe a Tsafe aka kawo wata daga ƙauye, haihuwar fari, shekarunta ba su wuce ashirin da ɗaya ba. Yaron babba ne, ta ƙaru sosai, sai an ɗinke. Allurar kashe zafi ta ƙare a ranar, jini kuma ba ya jira. Na soka allurar ɗinki ta farko, ta ƙwalla ƙara. Na ce mata abin da na saba cewa: "Macen kirki ba ta kuka bisa gadon ga. Ciji zanenki." Ta cusa gefen zane a baki. Na yi ɗinkina har na gama, ko uffan. Na fita na ce wa uwarta ta haifi jaruma. Washegari aka sallame su, na manta da ita, don irinta na ɗinke ba adadi.

A Gusau aka sa ni ɓangaren mata marasa ciki. Nan na fara haɗuwa da masu wannan ciwo, ban kuwa san su ne ba. Mu a wurinmu duk abin da ya dami mace daga cibiya zuwa ƙasa ciwon sanyi ne. Mu ba ta ƙwayoyi, mu ba ta na matsi, mu ce ta kawo mijin shi ma ya sha. Ta dawo bayan wata biyu, mu canja mata wasu ƙwayoyin. Akwai wata mai sayar da fura daga wajen Bungudu da take zuwa a ƙafa daga tasha, saboda ba ta iya zama a kan mashin. Akwai malamar makaranta daga Tudun Wada da kullum a gefen ɗuwawu ɗaya take zama a benci, kamar mai shirin tashi. Kafin su zo mana sun gwada komai: zama cikin ruwan bagaruwa, alif, sabulun wanki, turaren tsuguno, duk abin da maƙwabciya ta ce ya yi wa 'yar'uwarta. Idan suka cika zuwa sai mu gaji da su. Tsakaninmu ma'aikata muna da sunan da muke kiransu, "masu ƙin miji". Ni ce na raɗa sunan, in na faɗa kuma kowa ya yi dariya.

Sai ga Dakta Hindatu. Yarinya ce a idona, na girmi uwarta ma ina jin. A nan Gusau aka haife ta, karatu ya kai ta nesa, ta dawo da wannan bincike. Tana so ta san su wa ke da ciwon a cikin matanmu, yaushe yake farawa, da abin da yake sauƙaƙa shi. Ranar farko ta zaunar da ni ta ce ciwo ne na gaske, jijiyoyin wurin ne suke kai saƙon zafi ko da abin da ya taɓa su bai kai ya yi zafi ba. Na ce "to" da baki, a raina ina cewa bari mu ga gudun ruwan 'yar boko.

Ga yadda ta koya mini aikin, ku saurara, don haka za ku yi shi. Da farko mai rakiya ta fita, ko uwa ce ko uwar miji. A karanta wa mace takardar yarda da Hausa, a gaya mata in ta ƙi ba abin da zai hana a duba ta, sannan ta sa hannu ko ta dangwala. A ɗauki ruwan wurin a kai awo, a haska fitila a duba fatar, ko akwai wata cuta da ido ke gani. A ba ta madubi in tana so ta nuna wurin da kanta. Sannan tsinke. A jiƙa audugar, a fara taɓa cinya don ta san yadda taɓawar take. Daga nan a bi bakin wurin a kewaye, wuri shida, a hankali, kamar za a taɓa idon jariri. Kowane wuri a tsaya a tambaye ta: daga sifiri zuwa goma, nawa? Wadda ta nuna zafi ta shiga binciken. Za a ba ta man shafawa mai kashe zafi, da wata ƙaramar ƙwaya mai kwantar da jijiya, a koya mata sassauta naman wurin, a hana ta sabulu da matsi. Abin da ya fi duka, Dakta takan zaunar da mijin ta yi masa bayani. Na ga namiji ya shigo yana huci ya fita yana sunkuyar da kai. Wadda kuwa ba ta nuna zafi ba, a ba ta takardar sakamakon awo ta tafi, bayan wata guda a neme ta a sake ji.

Bayan 'yan watanni Dakta ta yarda da hannuna. Ranakun da take ɗakin tiyata ni kaɗai nake tantancewa. Nan matsala ta fito. Malamar makaranta za ta ce maka bakwai ko takwas. Matar ƙauye kuwa ka ce mata daga sifiri zuwa goma, sai ta dube ka ta ce, "Da sauƙi." Ka sake tambaya, ta ce, "Alhamdu lillahi." Layi kuma ya kai ƙofa. Sai na yanke wa kaina gajeriyar hanya. Na ce ni da na shekara talatin a kan mata, wa zai koya mini gane zafi? Na daina tambayar lamba. In ta yi ƙara in rubuta takwas, in ta ja tsaki ko ta zabura in rubuta huɗu, in ta yi shiru in rubuta sifiri. Ban gaya wa Dakta ba, don ban ga abin faɗa a ciki ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekara. Ɓarayin daji suka matsa wa hanyoyi, ƙauyuka suka watse, mota ba ta tashi in la'asar ta yi. Matan da suka samu suka iso suna zuwa ido a kan rana, kowa na so a sallame ta kafin azahar. Muna aiki kamar masu kwashe shanya hadari ya taso.

Wata Talata a cikin wannan hali wata mace ta shigo, doguwa, siririya, da hijabi ruwan toka. Katinta ya ce Ramatu, daga wani ƙauye bayan Tsafe. Da ta gan ni sai ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Inna, ina kwana." Na ɗauka ladabi ne kawai. Na tambaye ta abin da ya kawo ta. Da ƙyar, kanta a ƙasa, ta ce tun haihuwarta ta fari, shekara biyar ke nan, wurin yake mata zafi, ba ta iya kwanciya da mijinta, ba ta sake samun ciki ba. Na ce ta hau gado. Fata lafiya, tsohon ɗinki ya warke sumul, har na yaba hannun wadda ta yi shi a raina. Na jiƙa auduga na taɓa wuri na farko. Shiru. Na biyu, shiru. Har shida.

Yanzu in na rufe ido ina ganin abin da na gani a ranar. Yatsun ƙafarta sun lanƙwashe sun kama ledar gado. Gefen hijabinta yana cikin bakinta. Na gani da idona, na ce kunya ce. Na tambaye ta, "Da zahi?" Ta cire hijabin ta ce, "Da sauƙi, Inna." Na rubuta sifiri sau shida, na sa hannu, na kira ta gaba.

Sakamakon awo ya fito kafin azahar, ba cuta. Na fito da takardar na tarar da mijinta a baranda. Malam Lawali sunansa, mai sayo hatsi a ƙauyuka ya kawo kasuwar Gusau. Ya cire hula ya goge zufa ya ce, "Inna, don Allah ki hwaɗa mani gaskiya. In ciwo na, in nemi magani duk inda yake. In ko ni na ba ta so, in sani. Shekara biyar ina tare mata hwaɗa wurin 'yan'uwana, na rasa abin da zan ce musu."

Mutumin nan bai zo da sharri ba. Kalma ɗaya yake nema ya koma gida da ita. Na miƙa masa takardar na ce, "Malam, matarka lahiya lau take. Babu komi. Ka yi ta haƙuri, wasu matan haka Allah ya yi su." Ramatu tana tsaye a bayansa, ta ji kowace kalma. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya yi mini godiya, suka yi sauri don su sami mota.

Da wata ya cika ya kamata a neme ta. Waya ba ta shiga ƙauyensu, direbanmu kuma ya ce ko an ɗaure shi ba zai bi hanyar ba. Na ɗora katinta a kan tarin waɗanda ba a samu ba. Ko a jikina.

Abin da ya faru a can daga baya na ji shi. Takardar ta zagaya gidan. Dangin miji suka ce ga shi asibiti ta faɗa, ƙiyayya ce, ya sawwaƙe mata. Uwar Ramatu da gwaggonninta, don su ceci auren, suka ce tunda asibiti ba ta ga komai ba, to gishiri ne. Ku 'yan birni wataƙila ba ku sani ba: idan mace ta kasa kwanciya da miji, tsofaffi sukan ce wani abu ne ya toshe gabanta, a kira wanzami ya tsaga da aska. Ramatu ba ta yi musu ba. Me za ta ce, bayan ma'aikaciyar asibiti ta ce ƙalau take? Wanzami ya yi yankansa, askar ta zarce ta huda mafitsara.

Wata huɗu bayan wannan Talatar, Dakta Hindatu ta aiko a kira ni ɗakin masu jinya. Tun daga ƙofa warin fitsari ya gaya mini irin mai jinyar. Ramatu ce kwance a kan leda, cinyoyinta duk sun saluɓe. Dakta ta ja ni gefe, da kati a hannunta.

"Inna Kulu, wannan rubutunki ne?"

Na ce nawa ne.

"Sifiri shida. Ita ta faɗa miki sifiri?"

Ƙarya ta zo har bakina. Ba wanda yake ɗakin a ranar sai ni da Ramatu, Ramatu kuwa na san ba za ta tona ni ba. Na haɗiye ta, na gaya wa Dakta yadda nake yi tun watanni. Da ta yi mini faɗa da na fi samun sauƙi. Sai ta zauna a kan benci ta ce, "Kati nawa kika yi ke kaɗai?" Muka kwashe su duka daga binciken, aikin wata da watanni ya tashi a banza. Muka shiga neman matan ɗaya bayan ɗaya. Wasu mun same su. Wasu ƙauyensu ma babu kowa a ciki, har yau ban san inda suke ba, da sifirina a aljihun mazajensu. Tunda nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ni da furfurata a gaban yarinyar da na raina.

Malam Lawali bai sake ta ba. Shi ya ɗauko ta, shi ya kai ta inda aka yi mata aikin yoyon fitsari, aka kuma dace ya tsaya. Dakta ta zaunar da shi ta yi masa bayanin da ya kamata ya ji tun farko. Daga ranar in muka haɗu a baranda sai ya kau da kai. Ban ga laifinsa ba.

Kafin a tafi da ita wurin aikin na sami ƙarfin hali na je bakin gadonta. Na ja kujera na ce, "Ramatu, mi ya hana ki hwaɗa mani? Da kin ko yi ƙara guda, da duk wanga bai hwaru ba." Kun ji, har a lokacin ina neman in raba laifin da ita.

Ta dube ni, karo na farko da ta dubi idona. Ba fushi a fuskarta, mamaki ne.

"Inna, ba ki gane ni ba? Ke kinka amshi haihuwata Tsahe. Ke kinka ɗunke ni. Kinka ce macen kirki ba ta kuka bisa gadon ga. Da na shigo na ishe ke ta, sai na ce yau kam ba ni ba ki kunya."

  Ɗinkin da na yaba a raina, nawa ne. Shirun da na auna na ba shi sifiri, ni na koya mata shi.

Langar nan da kuke yi wa dariya daga nan ta samo asali. Na ce wa Dakta matanmu ba za su faɗi zafi da baki ba, mun riga mun rufe bakin, ni da ire-irena. Na tuna kakata a Bungudu da take tasbihi da ƙwallon dabino, tana jefawa a ƙwarya. Muka gwada. A damƙa wa mace goma a hannu, a ajiye langa a gefen gado inda hannunta zai kai. A ce mata in ba zafi kada ta saki ko ɗaya, in kaɗan ne ta saki kaɗan, in ya kai maƙura ta saki duka. Ba sai ta yi magana ba, ba sai ta dubi kowa ba. Ku kuma idonku ya riƙa zuwa kan yatsun ƙafa da abin da ke cikin baki. Kada wadda ta sake rubuta lambar da ba mai jikin ce ta bayar ba.

Da Ramatu ta warke daga aikin ta dawo, don ciwon farko yana nan inda yake, askar wanzami ba ta taɓa shi ba. Sai an sake gwajin kafin a sa ta a magani. Dakta ta sa safar hannu za ta yi da kanta, ni ina daga bakin labule ina shirin fita. Ramatu ta ce, "Likita, bari Inna ta yi. Ita ta rubuta na hwarko."

Na wanke hannu. Na ƙirga mata ƙwallo goma a tafinta, na gyara langar. Na taɓa cinya, ba ta saki komai ba. Na jiƙa audugar, na taɓa wuri na farko, taɓawar da ba ta kai saukar ƙuda ba.

Goman duka suka zube a langa lokaci guda. Ƙarar ta cika ɗakin. Bakinta a rufe yake gam, yadda na koya mata. Na ɗauki biro zan rubuta, sai na ga hannunta har yanzu a buɗe, ta miƙo mini shi.

"Inna," ta ce a hankali, "babu wasu?"